Taswirar da Ke Ƙarƙashin Ciyawa

Ranar Talata aka kafa shi,
ɗan ɗakin katako a bayan gida,
mai koren ƙyaure, zaɓin Talin.
Ranar Laraba, huɗu da rabi na asuba,
agogon ruwa ya yi abin da ya saba:
kawunan feshi suka ɓullo daga ciyawa
kamar gafiyoyi masu leƙen gari.
Biyu suka hau marin sabon bango,
na uku, da siminti ya danne,
yana can ƙasa yana gurnani
har ruwa ya tsattsafo ta bakin ƙofa.

Garabed ne ya shimfiɗa bututun nan
shekarar da muka tare a Fresno,
da shebur na aro, da ciwon baya nasa na kansa.
Na ce, bawan Allah, zana a takarda.
Ya ɗora yatsa a goshi: tana nan.
To, tana can.
Shekara uku ke nan da muka binne taswirar
cikin kwat ɗinsa na zuwa coci.

Saura ni da jikata
da jajayen tutoci goma sha biyu.
Mu kunna, mu ruga, mu soka tuta inda ya feso,
mu kashe, mu tona.
Ƙasar Yuli ba ta san tsufa ba,
ba ta raga wa gwiwar kowa.
Talin na karanto mini daga waya:
a yanke nan, a shafa gam, a haɗa,
a ƙirga talatin kafin a saki.
Na ƙirga da harshen uwata, don ya fi jan lokaci.

Na farko muka juya masa fuska,
muka rage shi daga da'ira zuwa rabi.
Na biyu ya matsa taku uku, bai yi musu ba.
Na ƙarƙashin siminti muka datse masa hanya.
Ban yi magana ba.
A kansa Garabed yakan yi tuntuɓe kowace Asabar,
ya zage shi kamar ɗan'uwa.

Rana ta karkata, shebur ya ci karo
da wani siririn bututu, baƙi,
wanda babu tutarsa.
Muka bi shi da yatsu, kamar mai laluben jijiya.
Ya ratsa gindin ɗakin, ya wuce rumman,
ya sunkuya ƙarƙashin danga,
ya shige gidan Eulalio.

Eulalio fa!
Shekara goma sha tara ba sa ga maciji,
a kan tsanin da aka ara
aka mayar da shi babu mataki ɗaya.

Na taka bokiti, na leƙa.
Ga ɓaurensa, shar, ganye kamar tafin hannu,
wanda yake cika baki da shi a layi:
irin garinmu ne, ko kofi ban taɓa ba shi ba,
bai san ƙishirwa ba.

Talin ta ɗaga zarto.
Kaka, kuɗin ruwa fa?
Murfi na hannuna, gam yana bushewa a bakinsa,
ni kuma ina ta lissafin dare nawa
tsohon nan ya yi rub da ciki a gindin danga
yana tona rami kamar ɓarawo,
ɓarawon da ke shigar da kaya.

Muka koma shago kafin su rufe.
Ƙafa ashirin na bututu, gwiwa huɗu.
Muka zagaya da shi bayan ɗakin,
hanya ta yi nisa, amma ta kai.

Yanzu da asuba bango a bushe yake.
Ina kwance ina jin ciyawa tana sha,
can baya kuma wani ɗigo
da ba nawa ba.

Jiya Eulalio ya miƙo kwano ta saman danga,
ɓaure bakwai, biyu sun fashe don nuna.
Kin gani? Ko kofi ɗaya.
Na ce, ikon Allah,
na karɓa.