Littafi Biyu

Ni ne Lawwali, mai rubutun Tungar Gawo,
can bayan Ɗansadau, inda kwalta ta gaji ta koma.
Littafi biyu gare ni, biro ɗaya.
Mai shuɗin bango na hukuma ne,
mai jan bango na daji.
Sunayen ciki duk ɗaya, gida bi gida,
daga Isiya mai ƙira har gwauruwar bakin rijiya.

Shekarar da aka rufe kasuwar Laraba
don a yanke wa daji gishiri da shinkafa,
daji bai rame ba.
Mu muka sha miya lami,
Hantsi ta sayar da akuyarta kuɗin kaza.

Aka hana fetur a jarka.
Sai fetur ya koyi tafiyar dare,
cikin buhun dawa, cikin tulu,
cikin motar da ba a tsayarwa a shinge.
Galan ya ninka uku.
Wani a birni ya ƙara hawa kan benensa.

Aka kashe layin waya.
Masu oba-oba ko atishawa ba su yi ba.
Ranar da ƙarar babura ta taso daga rafi,
mu muka hau dutse da waya a sama
kamar masu roƙon ruwa.

Sai sulhu.
Gindin tsamiya, tabarma sabuwa, lemo cikin kwali.
Kacalla Na-Ƙarangiya ya zo da yaransa,
ya miƙa bindiga bakwai masu tsatsa,
ɗaya ko kunama babu.
Aka tafa, aka ɗauki hoto.
Na ga jami'in da ya rantse bara
sai ya ga bayansa
yana gyara masa kujera.
Da yamma aka aiko mini:
kar in ƙara rubuta kuɗin noma,
in rubuta kuɗin zaman lafiya.
Adadin bai canja ba.

Wata huɗu ya yi, sulhun,
bai kai girbin gero ba.
Jirgi ya zo da hantsi ya yi aman wuta
kan bukkokin da aka kwashe tun jiya.
Wa ya faɗa musu?
Tambayi ramin zinare,
shi da ba ya bambance kaki da rawani,
kowa ya zo da buhu rabonsa yake ɗauka.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daji ya zo ramuwa,
bai tafi bariki ba, rumbunanmu ya sani.
'Yan sa-kai suka fita ramuwa,
ba su shiga daji ba, rugar Ardo suka sani.
Jaɓɓe, yaron da ke kawo mini nono da safe,
wanda sanda kaɗai ya iya riƙewa,
bana shi ke tuƙa babur na gaba.
Ya karɓi jan littafi bai dube ni ba,
ya ƙirga, ya ce saura na gidan Isiya.
Na ce Isiya ya rasu.
Ya ce gonar fa?

A caji ofis an ce ni kunnen daji ne.
A daji an ce ni idon hukuma ne.
Mari biyu na sha mako ɗaya,
kowane a kuncin da ya dace.

Jiya barci ya ruɗe ni,
na zuba lissafin wannan cikin wancan.
Na kwana ina jiran mutuwa.
Ba wanda ya lura.

Mu'azu, autana, ɗan aji uku
a makarantar da awaki ke kwana yanzu,
ya dubi littattafan bisa buzu ya ce,
Baba, wanne ne na gwamnati?

Na ce ya miƙo mini wanda ke kusa.
Ya miƙo.
Biron ma ya fara karce.