Ƙwayar da Ba a Ƙirgawa

A Erzurum, a rumfata ta ƙasan tsohon masaukin fatake,
shekara talatin da ɗaya ina feƙe baƙin dutsen Oltu,
ina huda shi, ina goge shi har ya ɗauki ido.
Ƙwaya talatin da uku, kai ɗaya, ba wa ba ƙani.
Sannan in ɗauko doguwar,
wadda a nan muke kira imame,
limamin carbi ke nan.

Ita ba a ƙirga ta.
Yatsa in ya iso kanta, tsayawa yake ya huta.
Amma a cikinta bakin zare biyu ke gamuwa,
ranar da ta tsage
sai ka durƙusa kana tsintar tasbihinka a ƙarƙashin benci.

Rasim magini, da ke shan shayina bai taɓa biya ba,
ya ce wai Larabawan dauri
igiyar da ake ja tsakanin turaku biyu kafin a ɗora tubali,
ita ma da wannan suna suke kiranta.
Ba ta ɗaukar nauyin ko tsakuwa, in ji shi,
amma in ta karkace, bango binta zai yi.

Zekiye, matata, dariya take mana.
Nata limamin a tukunya yake:
baƙin yalo, an cusa masa albasa, ya sha man zaitun ya kwanta,
sunan girkin Liman Ya Suma.
Ko daɗi ne ya kayar da shi,
ko labarin kuɗin man, har yau ba a daidaita ba.

Haka kalmar ke yawo a gidanmu, daga aljihu zuwa murhu,
ban taɓa auna ta a sikeli ba
sai wata asuba a tsakiyar hunturu.

Ƙanƙara ta toshe lungu.
Selahattin Hoja ya zame a bakin ƙofarsa, ƙafa ta gurɗe.
Mu bakwai muka iso, gemu duk raɓa,
kowa na kallon silin, kowa na gyara hula.
Bismillah, kai ne babba.
A'a, kai ka fi karatu.
Sai na ji tafin Rasim a tsakiyar bayana,
ya tura.

Taku biyu ne kacal.
Ban taɓa tafiya mai nisan wannan ba.

Ashe na gaba ba ya ganin kowa.
Bango ne a gabansa, da tsagar da ke jikin bangon.
Su kuwa ƙeyarka suke karantawa,
da facin da Zekiye ta yi maka a kafaɗa.
Ka sunkuya, ka ji gwiwoyi goma sha biyu sun yi ƙara a bayanka.
Ka daɗe, su daɗe.
Ka yi sauri, tsoho Fehmi ya rasa numfashi.

A raka'a ta biyu aya ta kuɓuce mini,
surar da na haddace tun ban fi tsayin teburin aikina ba.
Shiru ya cika masallaci har soro.
Sai wata siririyar murya daga ƙarshen sahu,
yaron mai gasa burodi, gari bai fita daga farcensa ba,
ya miƙo mini kalmar.
Na karɓa. Muka wuce.

Da na yi sallama dama da hagu na juyo,
sunan ya riga ya sauka daga kaina
kamar rigar aro.
Nurettin ne kawai, mai hudar duwatsu,
yana neman takalminsa cikin na mutane.

Ranar da hantsi na koma rumfa.
Na ɗauki doguwar ƙwaya, na ɗaga ta ga hasken taga.
Na faɗaɗa ramin kaɗan
don zaren ya shige ba tare da ya ci rauni ba.
Rasim ya leƙo ya ce, liman, akwai shayi?
Na ce akwai, amma yau kai za ka biya.