Kafaɗar Hagu

A Sheffield, bayan tashar jirgi,
na kama hayar rumfa mai yoyo.
Kakana maƙeri ne, ni mai walda.

Wata uku ina harhaɗa mutum:
haƙarƙari daga sifirin ɗin mota,
gwiwa daga tsohuwar sarƙa.
Tartsatsi ya cinye min safa biyu.

Kafaɗar hagu ce ta ƙi.
Na yanke, na liƙa, na sake yankewa,
sai dai ta rankwafa
kamar ta wanda ya shekara arba'in yana saɓa guduma.
Na ƙyale ta.

Da yamma Maureen mai shara ta leƙo,
ta jingine tsintsiya, ta yi shiru.
Ta ce, "Haka Dennis ɗina yake tsayuwa."

Ni kuwa kakana nake ƙerawa.
Ban faɗa mata ba.