Faifan Inno

A Ƙofar Rini, bayan masu ɗinkin fata,
akwai wata rumfa mai ƙyauren kwano
inda Cindo ke zama tsakanin matattun rediyoyi.
Yatsa shida gare shi a hannun hagu,
ban taɓa ganin ɗayansu ya dafa fuskar faifai ba.

Na kai masa nawa a cikin ambulan asibiti.
Saukar karatun ƙanena ce, shekara goma sha bakwai ke nan.
Minti arba'in na maza da tabarmi da allo,
sai wuri ɗaya, dab da ƙarshe,
da mai ɗaukar hoto ya leƙa cikin gida
ya tarar da Inno tana tuƙa tuwo.
Daidai nan yake cijewa.
Ta soma juyowa, rabin kunci, rabin ɗankwali,
sai fuskar ta watse ƙanana-ƙanana
kamar an zubar da ƙwayoyin sukari.
Shekara shida da muka kai ta makwanci,
shekara shida tana juyowa ba ta gama ba.

Cindo ya kama shi ta baki-baki, kamar kwanon miya mai zafi,
ya karkata shi ga rana.
"Wa yag goge wanga da bakin riga?"
Na ce ni ne.
"Kewaye kay yi, kamar mai wankin tukunya.
Daga cibiya a ka tahowa zuwa gefe,
miƙe, kamar mai fita gari ta ƙofa."

Ruwa mai ɗumi a murfin samira,
ɗigon sabulu ɗaya tak,
da tsumman singileti da wanki ya tausasa.
Ya wanke man gyaɗar yatsunmu,
da shayin wani dare da ba wanda ya tuna.
Inda ƙarzuwar ta yi zurfi
ya shafa man goge baki, farin, ba mai launi ba,
yana murzawa a hankali
kamar ungozoma da cibiyar jinjiri.
Ya ɗauraye. Ya jingine shi ya sha iska.
Bai yi mini magana ba har ya bushe.

Sannan ya kwance bidiyon da na ɗauro a bayan babur.
"Ba kullum faifai ad da laifi ba,
wani bi ido na bai gani."
Ya tsoma auduga a sifirit
ya taɓa ƙwayar nan da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba,
sau ɗaya, sau biyu, ya hura.

Faifan ya shige. Ya yi ƙugi, ya yi shiru.
Ga malamai, ga allo, ga ƙanena da ƙaton rawani.
Ga zaure. Ga hayaƙi.
Na ji hannuna ya kama gefen benci.

Ta juyo.
Duka fuskar, da gumi a goshi, da muciya a hannu.
Na sha zaton murmushi ne ke ɓoye a wurin.
Ashe faɗa ne:
"Kai, fice min da abin nan, tuwona zai yi gudaji!"
Wata ta tuntsire da dariya a bayan hoto,
Inno ta buɗe baki za ta ƙara,
sai ga maza sun ɗaga hannu ana shafa fatiha.

Cindo ya fiddo shi ya ɗaga ga ƙofa.
Wani ɗan haske kamar kan allura ya huda ta tsakiya.
"Nan daga baya anka ci shi, fentin ya tashi.
Abin da fenti yat tafi da shi, sabulu bai maido shi.
Kai shi a juye ma a waya tun yau."

Ɗari uku ya karɓa, ya maido min hamsin.
Na bar babur a wurinsa, na taka har Mabera,
faifan a hannuna ta baki-baki,
ina ta zagaye kwatami da 'yan acaɓa,
ina tunanin me ta so ta ƙara.