Kwali a Ƙarƙashin Fijo

Allurar zafi ta taɓa ja a hawan Tecka,
ga buhun ulu goma sha ɗaya a baya.
Na tsaya. Iskar Patagoniya ta fizge ƙofa daga hannuna.
Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kamar sukari ya kama tukunya,
ya taso daga ƙarƙashin bonet.
Na jira ya huce, don na san tabon wuyan hannun Baba:
ba a buɗe murfin lagireto yana fushi.
Gora biyu na ɗura kafin na kai gida.

Baba Eulogio, tun sanyin bara waccan,
haske da duhu kaɗai yake rabewa.
Ya ce, "Malén, ruwa ba ya ɓata banza.
Shimfiɗa kwali a ƙasa. Ki ɗaure karen nan,
abin zaƙi gare shi, kuma kisa yake."

Da safe ɗigo uku, koraye,
ba a gaba ba inda na sa rai,
can ciki, kusa da giya.

"Zaro sandar baƙin mai. Wane launi?"
Baƙi.
"Ba shayi da madara ba?"
Baƙi, Baba.
"Salansa fa, farin hayaƙi?"
Babu.
Ya saki numfashin da ya riƙe tun jiya.
Da gaskit ne, da ulun bana kaf ya tafi.

Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ina matsawa
yadda ake taɓa hantsar tunkiya.
Na ƙasa ya yi laushi, amma a bushe yake.
Na girgiza fanka, famfon ruwa bai ko motsa ba.
Ceferino maƙwabci ya leƙo ta kan shinge
ya ce a fasa ƙwai a ciki, haka kakansa ke yi.
Baba ya ce ƙwai na ciki ne, amma ba wannan cikin ba.

Ya sa na huda tsohon murfi, na dasa bakin tayar keke,
na yi ta bugun iska har tiyo ya ƙame.
"Shiru."
Muka jira iskar waje ta gaji.
Ya kwantar da kunne a kan ƙarfe mai sanyi,
ya daɗe,
sannan yatsansa ya tafi shi kaɗai ya nuna.

Madubin hodar marigayiya Inna na ɗaure a waya,
na zura shi bayan bututun hayaƙi da tocila a baki.
Ga shi: wani faifan ƙarfe kamar kwabo a jikin injin,
tsatsa ta cinye tsakiyarsa,
huda ɗaya, ba ta kai kan allura ba,
tana tara ɗigo, tana saki.

Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya juya ƙoƙon mate a hannu.
"Shekara shida ruwan rijiya zalla na zuba mata,
lokacin kina makaranta a Esquel.
Na san ranar nan na tafe."

Sabon faifan ya zo a motar Alhamis,
kuɗinsa bai kai na burodi biyu ba.
Kwana biyu na yi kafin hannuna ya isa wurin,
gaɓoɓin yatsu duk a ɗaye.
Na ƙwaƙule tsohon, na goge ramin,
na ɗora sabon ina bugawa da guduma a hankali.
Shi yana kan kujera yana sauraro.
"Ƙara. Ƙara. Ya isa, muryar ta sauya."

Rabi magani, rabi ruwa mai tsabta.
Na bar injin yana gyatsar kumfa har ya daina,
allura ta tsaya tsakiya ta zauna.

Da asuba na tarar ya riga ni fita,
a durƙushe, babu sanda,
ya jawo sabon kwalin
yana shafa shi da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa.
Ya ce, "Kwance karen."