Awa Ɗaya, Inji Tikiti

Ƙarfe shida na sauke Injiniya Badamasi
a ƙofar filin jirgin Katsina,
jaka a kafaɗa, tikiti cikin waya.
Ya ce, "Ilu, awa ɗaya ce tsakanina da Abuja,
kafin ku bar Kankiya na sauka."
Na ce, "Allah ya tsare, ranka ya daɗe."

A kujerar baya Inna Tabawa na jan carbi.
Ita fa ba ta hawan abin da ba a ce masa
"dakata in yi alwala."
Likitan ido ke jiran ta jibi,
ɗanta ya yi lallashi har bakinsa ya bushe,
ta ce ƙasa ta saba takawa.
A but akwai jarkar man shanu,
ƙullin daddawa, zabi biyu ɗaure da tsumma,
duk abin da masu awon kaya ba za su bari ya tashi ba.

Ni da kilomita nake awo,
da allurar mai, da kuɗin da ke aljihu.
Ita mudunta daban.
A Charanci ta ce, "Nan aka saya min atamfar fari."
A Gidan Mutum Ɗaya, da na karya kan mota,
ta ce, "Nan tayar Malam ta fashe, shekarar fari,
muka kwana kan buhun gyaɗa."
Malumfashi ta sa na rage gudu.
Ƙanwarta Kande na kwance bayan gari,
ta tofa mata Ƙulhuwallahu ta taga,
ta goge ido da bakin mayafi, idon da za a duba.

Na tuna taswirar da na taɓa gani a wayar maigida:
layi ɗaya miƙe sambal kamar zaren magini,
babu rami, babu shinge,
babu mai ƙosai a bakin tasha.
Namu layin kuwa tafiyar maciji ce,
ya fi nasa tsawo da nisan da zai kai ka Kano.

"Wannan awa ɗayar tasa," inji Inna,
"me ke cikinta?
Wa zai gaisar? Wa zai ce masa sannu da hanya?"
Ban amsa ba, tirela ce a gabana.

Funtua muka yi azahar.
Ta sayi rake, ta ce haƙora sun tafi amma a ba zabi ɓawon.
Bayana ya fara ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Muna hango Zariya waya ta yi kuka.
Na ɗauka zai ce ya ci abinci, ya yi barci, ina muka tsaya.
Muryarsa ta fito a gajiye:
"Ilu, har yanzu ina nan Katsina.
Jirgin bai zo ba. Sun ce ƙarfe huɗu, wataƙila."

Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar.
"Badamasi, ka ci wani abu?"
Shiru.
"To, zauna nan ka ci gaba da sauri.
In mun isa, za mu jira ka a ƙofa."