Matajin Iwane

Ni ce mai niƙa mata tawada,
shekara goma sha ɗaya a bakin tafkin Biwa.
Iwane ba ta cika magana ba.
Abin da ke ranta a takarda take zuba shi,
ta naɗe, ta ɗaura a reshe mai fure,
ta ce, "Kai masa, kada raɓa ta taɓa."

Kagehira da dare yake zuwa,
ya tsaya a bayan asabarin gora,
ƙamshin rigarsa ya riga bakinsa gaisuwa.
Kafin carar zakara ya tafi.
Haka aka gada, ba mai tambayar dalili.

Sai kakar da mai duba ya shimfiɗa allonsa,
ya ƙirga taurari, ya girgiza kai:
arewa maso gabas a rufe take,
wani abin bauta ya sauka can ya tare hanya,
kwana arba'in da biyar ba mai bi.
Gidanmu kuwa nan ne arewa maso gabas.

Muka riƙa jefa ƙwayar shinkafa a ƙoƙo, kullum ɗaya.
Ran ta talatin da ɗaya gizo-gizo ya sauko
a kan zarensa, daidai fitila.
Uwar ɗakina ta yi murmushi: "Baƙo na tafe."
Na ce a raina, yau camfi ya kama kokawa da camfi,
bari mu ga wanda zai sha ƙasa.

Ya zo, laka har gwiwa, babu turare,
takobi a ƙugu, baka a kafaɗa.
Uban gidansa ya yi kira, gobe za a hau.
Shekara tara yana cin shinkafar mutumin nan,
in ya noƙe, da wane ido zai dubi kabarin mahaifinsa?
Ya ce, "Ran nan na ubangidana ne,
amma daren nan ban ba kowa ba."

Da asuba ina taje mata gashi,
gashin da ke sharar tabarma in ta zauna,
ƙarar kofaton dokinsa na raguwa a gangare,
sai matajin katako ya ce ƙas a hannuna.
Haƙora uku suka faɗi.
Na take su da ƙafa. Ba ta waiwayo ba.

Dusar ƙanƙara ta fara zuba aka kawo labari:
kibiya ɗaya, a wuya, a bakin wata gada.
Mai duba ya ce, "Ai na faɗa."
Mayaƙa suka ce ya mutu da sunansa fes.
Tsofaffin kasuwa suka ce soyayya ce ta ci shi.
Kowa ya yanki rabonsa a gawar,
ita kaɗai ba ta ce komai ba.

Yanzu takan juya rigar barcinta bai-bai,
wai haka masoyi ke samun ƙofar mafarki.
Da safe in na tambaya, sai ta ce, "Hanya a rufe take."

Haƙoran nan uku suna ƙulle a ɗamarata har yau.
Na san kibiya ba ta san gabas ba, ba ta san mataji ba.
Na sani.
Amma hannuna ne ya yi rawa a safiyar nan,
kuma ban taɓa gaya wa kowa dalilin rawarsa ba.